Ƙyallen Baƙo a Hannun Marini

Tasi'u, ajiye wayar nan tukuna. Na ga hotunan makarantar, na ga wurin ninƙaya, na ga tutocin ƙasashe a jere a bakin ƙofa, na ga shugabar makarantar baki har kunne. Ban ce ƙarya ba ce. Sai dai ni kawunka shekara talatin da ɗaya na yi riƙe da alli, na san yadda muke share aji mu jera yara masu ƙoƙari a gaba ranar da masu duba makarantu za su zo. Tunda ka ce a can ƙasar da aiki ya kai ka, a wannan makarantar za ka sa Nu'aima da ƙanenta, bari in ba ka misali.

Wani matafiyi ne ya sauka a garin da bai san kowa ba, da ƙyallen farin saƙi guda ɗaya a jakarsa. Mahaifiyarsa ce ta kaɗa zaren da hannunta kafin ta rasu, ba shi da wani abu nata sai shi, yana so a rina masa ya ɗinka riga. Tun a tasha wani mai zaƙin baki ya tare shi, ya karɓar masa jaka, ya ce zai kai shi wurin marinin da duk baƙi ke zuwa. Matafiyi bai tambayi kansa me zai sa mutum ya bar aikinsa ya yi masa rakiya a banza ba. Suka isa, ya ga rumfa a share, zannuwa a shanye baƙi wuluk, sun sha bugu suna ɗaukar ido. Marini ya shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwan sanyi. Ya ce sauran marina sai sun yi mako suna tsomawa suna shanyawa, shi kuwa kwana biyu ya gama. Matafiyi ya miƙa ƙyalle har da godiya. Can gefe akwai wasu ramukan rini masu wari da tsofaffi a bakinsu, hannuwansu baƙi ƙirin, ko kallo ba su ishe shi ba.

Kwana biyu aka ba shi ƙyalle yana sheƙi, ya ɗinka riga, ya sa ta Juma'a uku ana yabawa. Da ta yi datti ya kai wa masu wanki a bakin rafi. Wani tsoho a cikinsu ya ɗaga ta, ya shinshina, ya ce, "Kai baƙo ne ko? Wannan aikin rumfar bakin tasha ne." Ana tsoma ta ruwa ya yi baƙi, riga ta koma toka-toka, da aka matse sai ta yage a kafaɗa. Ashe tsomi biyu aka yi mata, aka cika toka mai kaifi don rini ya kama da wuri, ta cinye zaren, sauran duk shuni ne aka shafa aka buge. Tsohon ya ce, "Ai da nan ka fara zuwa. Mu ke ganin aikin kowane marini bayan ya sha ruwa. Ka taɓa ganin ɗan gari ya shiga rumfar nan?" Matafiyi ya zauna a kan dutse da yagaggiyar riga a hannu. Wallahi ni ko a labari abin yana ba ni tausayi, domin mai kaɗa zaren ba za ta dawo ta kaɗa wani ba.

To, Tasi'u, 'ya'yanka su ne ƙyallen. Wanda ya turo maka hotunan nan, ka bincika me ake ba shi idan ka sa hannu. Sannan ka nemi masu wanki: iyayen da yaransu suka yi shekara biyar a ciki, da waɗanda suka cire nasu, su ma suka fi sani. Ka tambaya ka ji malamai nawa ne suka kai shekara uku ba su gudu ba. Ka zauna da yaron da ya gama a can, ka ji ko ya iya gaida babba, ko har yanzu yana hira da kakarsa ba sai da tafinta ba. Kar ka ce mini ai ka je ka gani da idonka, matafiyin nan ma da idonsa ya gani. Shi ya sa Hausawa suka ce, baƙo makaho ne ko da yana da ido.