Ranar da Sanda Ya Kayar da Ni

Gwiwata ta taɓa ƙasa, filin kokawar Tamaske ya ɗauki ihu. Sanda, abokina tun muna kiwon awaki, ya kayar da ni karo na farko.

Ya ɗaga ni yana dariya. "Ɗayyabu, yau hurarka ba nono, ko?"

Maroƙi ya kai labarin kasuwa-kasuwa har Bangi.

Bayan kwana uku manzon kumandan ya zo, ya ce wanda ya ci kokawa za a kai soja, yaƙin Faransa. Sanda bai dawo ba.

Har yau ana cewa Allah ya tsirar da ni. Ba wanda ya tuna tafintan kumandan, mai fassara masa magana, ƙanen uwata ne. Tun ana gobe kokawa ya raɗa mini, ni kuwa ban gaya wa Sanda ba.