Maginiya da Autan Kyanwa

Sallau, zauna ka daina zarya. An ce mini tun da aka sallamo mahaifiyarka daga asibiti ba ka bar mai tsire da mai balangu sun huta ba, kana sayowa kana tsare ta sai ta ci, tana ci tana amayarwa, kai kuma hankalinka na ƙara tashi. Niyyarka mai kyau ce, ba na musu. Amma saurara in ba ka misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye, mace mai zafin nama, wadda in ta sa abu a gaba to yau take son ganin ƙarshensa. Wata damina kyanwar gidanta ta haifi 'ya'ya uku cikin fasasshiyar randa a bayan rumbu. Ko mako biyu ba a yi ba karen maƙwabta ya kashe uwar, ya bar su ido bai gama buɗewa ba. Matar ta kwaso su a haɓar zani ta kai ɗaki. Da ma da damina aikin gini kan ja baya, yumɓu ba ya bushewa da wuri, sai ta mai da renonsu sana'a. Biyu suka karɓi nonon akuya hannu bibbiyu, suna tsotsa daga audugar da ta murza kamar lagwani, har da kokawa. Na ukun, ƙaraminsu, wani baƙi mai farin wuya, shi ne ya ƙi. Ruwan sama ya doke shi kafin a tsince su, jikinsa sanyi ƙalau, kukan ma sai dai ka ga baki ya buɗe ba ka ji komai ba. Mijinta ya leƙa ya ce, "Wannan ai na juji ne, ki ji da biyun kawai." Ita kuwa abin da ta ƙi jini ke nan, a nuna mata ba za ta iya ba. Nan da nan ta hura murhu, ta ajiye shi dab da wuta don ya yi ɗumi maza-maza, ta kwantar da shi rigingine kamar jariri, ta buɗe bakinsa ta ɗura masa nono da cokali. Ya ƙware, nonon ya fito ta hanci, cikin ya kumbura ya yi tauri kamar goruba, gashin gefensa har ya fara ƙauri. Kafin la'asar ya saki jiki, wuya ya langaɓe. Tsoro ya kama ta, ta zauna ta yi tagumi, don ta ga da hannunta take kashe abin da ta ɗauko don ta raya.

Tana cikin tagumin idonta ya sauka kan ɗanyun tukwanenta da ke jere a inuwar rumfa, kwana ashirin suna jiran bushewa. Kunya ta rufe ta. Ta ce a ranta, "Ni da ko a mafarki ba zan jefa ɗanyar tukunya cikin wuta ba?" Kowace maginiya ta san ƙa'idar: inuwa tukuna, sannan hantsi, sannan rana, a turara da hayaƙi, kafin a kai ga gashi. Wadda ta tsallake ɗaya, ƙarar fashewa za ta ji. Sai ta janye shi daga gaban murhun, ta cusa shi cikin ɗaurin zaninta a ƙirji, inda ɗumin jikinta zai shige shi a hankali, ta kuma rantse ba za ta sake ba shi komai ba sai tafin ƙafarsa ya yi ɗumi. Da ya yi, ta kifa shi rub-da-ciki a tafin hannunta yadda yakan kwanta jikin uwarsa, ta ɗiga masa nono ɗigo uku, ta tsaya, alhali zuciyarta na ce mata ta ƙara. Sannan ta tuna yadda takan ga uwar tana lasar ƙarƙashin wutsiyarsu bayan sun sha, abin da ta ɗauka tsafta ce kawai. Ta jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, ta riƙa shafa wurin da irin lallaɓar da take gyara bakin tulu, har cikin ya sake, kumburin ya faɗa. Haka ta yi ta yi, da shi a ƙirji take daka, da shi take shara, matan unguwa suna tsokanarta wai yaushe ne suna. Kwana uku babu wani canji, sai dai bai mutu ba. Rana ta huɗu ya kama audugar da kansa ya tsotsa. Rana ta shida aka ji muryarsa, siririya, amma muryar mai neman ƙari. Ba ta ƙara masa ba sai ɗigo biyu.

Ran da ya cika kwana goma sha biyu a hannunta, tana tsugune tana mulmula murfin tukunya, sai ya silalo daga zanin ya dira, ya taka ɗanyen murfin da ƙafafu huɗu, ya wuce ya ture yayyensa daga bakin kaskon nono. Matar da ko ɗanta ba ya taɓa mata ɗanyen aiki ya kwana lafiya, ta bi shi da kallo tana dariya har da hawaye.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.