Jiragen da Suka Zo ta Kan Gada

Lawandi, ka ce an saka ka cikin kwamitin da zai samo wa mutanen yankinku aikin yi, har an ba ka mota da direba. Madalla, Allah ya taya riƙo. Amma kafin ka fara rabon alheri, gyara zama ka ji wani misali daga bakin kawunka.

An yi wani tsoho mai fito a wani gari na bakin kogi. Su arba'in ne masu fiton, kuma abincinsu a kan ruwan nan yake tun kaka da kakanni: su haye da mutane, da buhunan masara, da awaki, har da amare da gararsu. Ana nan sai gwamnati ta gina gada. Gada ta yi kyau, babu mai kushe ta, sai dai tun ranar da aka buɗe ta ko akuya ba ta sake neman jirgi ba. Masu fito suka koma zaman kashe wando a gindin giginya, suna kallon mutanen da suka saba ɗauka suna wucewa ta sama a kan babura, wasu har da ɗago musu hannu. Tsohon nan yana da ɗa guda, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya ce idan kaka ta wuce babu abin yi, zai kwashe iyalinsa ya yi kudu. Maganar nan ta hana tsoho sukuni. Bai ji tsoron yunwa ba kamar yadda ya ji tsoron ya wayi gari gidansa shiru, babu jikan da zai ja masa gemu. Kuma ya san maganin abin: ga fadama shimfiɗe a bayan gari, ga ruwa a kusa, injin ban ruwa kawai suka rasa su kama noman rani.

Da kukansu ya kai birni, aka naɗa kwamiti irin naku. Kwana uku tsoho yana bitar jawabinsa a gaban awakin gida, har suka fara gudunsa. Ranar zuwan baƙi aka kafa rumfa, aka yanka rago, aka zaunar da masu fito can baya cikin rana. Mai gari ya yi maraba, wakilinsa ya tashi ya maimaita marabar, shugaban kwamiti ya gode wa kowa har da wanda ya kawo kujeru. Sai gab da la'asar aka ce ko masu fito suna da magana. Tsoho ya miƙe, ya gyara murya, ya yi sallama. To ka san mu, ba a jefa wa babba buƙata babu gaisuwa, don haka ya fara gaida manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen birni. Yana kan mutum na shida direbobi suka tada motoci, don baƙi suna so su isa gida da sauran haske. Maganar inji ta koma cikinsa. Shi kuwa magatakardan kwamiti, da suka hau gada ya leƙa ta tagar mota, ya hango tsofaffin jirage a kife duk sun tsattsage, ya girgiza kai don tausayi, ya rubuta cewa ya gano matsalar.

Bayan wata huɗu sai ga manyan motoci sun keto ta kan gadar nan, ɗauke da sababbin jirage arba'in, sun sha fenti, kowanne da filafilinsa. Aka sake kafa rumfa, aka sake yanka rago. Shugaban kwamiti ya tattare babbar riga ya shiga jirgi guda don a ɗauke shi hoto, ya ce tsoho ya haye da shi. Shi ne mutum na farko da tsoho ya fitar a shekara guda. Ya so ya yi maganar inji a tsakiyar ruwa, amma shugaba ya runtse ido ya ƙanƙame gefen jirgi yana ta salati. Kafin su kai gaci, motarsa ta riga ta bi ta gada tana jiransa a can, ya faɗa ciki bai ko waiwayo ba.

Da yamma motocin da suka kawo jirage za su koma babu kaya, direbobi suka shiga cigiyar masu tafiya kudu da araha. Ɗan tsoho yana cikin waɗanda suka hau, da matarsa da 'ya'yan ukun da tabarminsu. Tsoho ya tsaya a bakin ruwa, sabon filafili a hannu, yana kallonsu har suka haye gada. Ya yi kuka ranar, bai ɓoye ba. Yau in ka je garin, za ka ga jiragen nan lafiyarsu ƙalau: wani ana shanya barkono a ciki, wani kaji sun yi ƙwai, wani ya zama kwamin shayar da shanu. Tsoho kuwa ya ja nasa tsakar gida ya cika shi da ƙasa, ya shuka tumatir, yana ba shi ruwa da guga safe da yamma. Iyakar noman ranin da ya samu ke nan.

Saboda haka in kun je, Lawandi, ka sauka daga motar, ka ratsa rumfar ka je wurin na cikin rana, ka jira tsoho ya gama gaisuwarsa ko da za ta kai magariba. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.