Yaƙin Baba Masaƙi da Na'ura

Baba Masaƙi ya gyara zama a bencin shagon mai aski, ya danna lambar kamfanin kayan lantarki, ya ƙure ƙarar wayar don kowa ya ji.

"Barka da safiya," in ji wata muryar mace mai laushi. "Ni ce na'urar taimakon kwastomomi. Me zan yi maka?"

"Ki mutu," in ji Baba.

Ba yau ya fara tsanar inji ba. Yana saurayi aka kawo manyan injuna masaƙar da yake aiki, aka sallame su rututu. Ba wanda ya ce uffan. Suka koma gida suka yi ta tsaki, shi ke nan. Wannan shirun har gobe yana ci masa rai.

To ga shi abin ya dawo ta kan Auta, ɗansa na ƙarshe, wanda yake amsa wayar masu ƙorafi a wannan kamfanin. Rana tsaka kamfani ya yi shela cewa ya kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gajiya, ba ta fushi, ta maye gurbin masu amsa waya. Auta kuwa ga mata, ga jariri.

Baba ya rantse wannan karon ba zai yi shiru ba. Dabararsa mai sauƙi ce: in na'urar ta yi abin kunya a bainar jama'a, dole a cire ta a dawo da ɗansa. Injin saƙa ba ya jin zagi, amma wannan ai tana da kunne.

Kullum sai ya kira. Ya tambaye ta ko firji yana mafarki. Ya sa ta maimaita yadda ake kunna fanka har mai aski ya gaji da dariya. Ita kuwa, baiwar Allah, sai haƙuri take bayarwa, tana kiransa ranka ya daɗe. Wani lokaci ta yi shiru kamar mai haɗiyar yawu, mai aski ya ce lissafi take yi. Da mura ta zaga gari har ita muryarta ta toshe, Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe ƙarfe ma yana jin jiki.

Auta yakan fita da sassafe ya dawo da yamma a galabaice, ya ce buga-buga yake yi. Ba ya ƙara komai, don kowa a gidan ya sani, abin da Baba ya ji da safe, kafin azahar shagon aski ya haddace shi. Da Baba ya ba shi labarin yaƙin, sai Auta ya dafe kai.

"Baba, don Allah ka ƙyale na'urar nan."

"Matsoraci! Don kai nake yi."

Ranar da abin ya fashe, Baba da shirinsa ya zo. Ya riƙe ta a waya tun safe har rana ta take, yana ƙorafin dutsen guga da bai taɓa saya ba. Da ya ga ba ta girgiza ba, sai ya sauka kan danginta. Ya ce uwar da ta haife ta tsohuwar rediyo ce, ga ƙara, ga shan batir, ba ta iya komai ba sai surutu.

Sai muryar nan mai laushi ta ɓarke.

"Kai dattijo, ya isa haka! Ka zage ni na shanye, amma kada ka ƙara sa uwata a ciki! Wai ba ka da aikin yi ne?"

Shago ya kaure da ihu. Ashe mai aski yana naɗa a wayarsa. Kafin kwana biyu ba wanda bai ji na'urar da ba ta fushi tana masifa ba, kamfani kuma ya sanar ya dakatar da ita nan take.

Baba ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai kamar wanda ya kashe zaki. Ya tarar da Auta zaune a falo da rana tsaka, ya zuba tagumi, ga kwalin tarkacensa a gefe.

"Tashi ka goge takalminka! Na kayar da ita. Gobe-goben nan za su kira ka."

Auta ya ɗago kai a hankali.

"Sun riga sun kira ni, Baba, sun kore ni. Na'urar tasu ba ta taɓa aiki ba, ni suka ɓoye a ɗakin baya da abin sauya murya. Ni kake zagi kullum, kuma tsohuwar rediyon nan matarka ce."