Ledar Tasi'u a Layin su Barira

"Kai, lafiyarka kuwa? Da gangan ka yar da ledar?" Yaya Hansatu ta tambayi ƙanenta.

"Da gangan, Yaya!" in ji Tasi'u, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. "A ƙofar gidan su Barira ma kuwa."

Tun da aka fara buga sunan mai saye a jikin kowace leda, duk wanda aka tsinci tasa a ƙasa shi ke share layin ranar Asabar. Masu yin ledar kuwa ba a taɓa jin an kira su ba. Wannan bai dami Tasi'u ba. Baban Barira ya hana samari tsayuwa a ƙofar gidansa, amma ba shi da ikon korar mai shara.

Ranar Asabar da safe lasifikar unguwa ta fara kiran sunaye. Ta kira mai shayi, ta kira ladan, ta kira Malam Buhari da aka binne bara, ɗansa ya fito da tsintsiya. Ba ta kira Tasi'u ba.

Yana tsaye a zauren gidansu, ya sha turare, sabuwar tsintsiya a hannu, sai ga Barira. Ta miƙa masa ledar, a wanke, a ninke.

"Na ɗauke ta kafin masu tsinta su zo," ta ce, idonta a ƙasa. "Ba zan iya jin an kunyata ka ba."

Ya jingine tsintsiyar, ya leƙa cikin gida.

"Yaya! A gaya wa Kawu ya sayi goro. Gobe za a je wajen babanta!"