Motar da Ba Ta Taɓa Faɗuwa Fahas Ba

Ko unguwar Jurf da ke nan Madina ban kai ba tayar bayan motar da na saya ta fashe. Na fito na duba sauran ukun, sumul kamar kan jariri ranar suna.

Ni ne fa na hana surukina kai ta wurin bakanike. Da ya karanto mini tarihinta a waya, cewa kowace shekara tana cin fahas, gwajin lafiyar mota, sai na ce, “Juma’ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta.” Rubutun da ban iya karantawa ba na tsaya kallo, ban kalli taya ba. Ga shi na yi wa tsohuwata alkawarin ta daina jiran tasi in za ta asibiti.

Na kira yaron da ya sayar mini da motar ɗazu, Bahaushe haihuwar Madina. Ya iso.

“Kai, wannan ce ta ci fahas?”

“Wallah ya ammi, baffana, ta ci. Ranar fahas hayar sababbin tayoyi muke yi, in an wuce mu mayar. In naka lokacin ya zo, zan haɗa ka da mutumin.”

Na ɗaga yatsa. “Kayan aro ba ya rufe katara!”

Sai wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ga ta da amsa-kuwwa kamar lasifikar masallaci. Maƙwabcina ne.

“Malam, in mai sayar da motar ya gama ganin girmanka, a dawo mini da babbar rigata. Ɗaurin aure za ni.”

Yaron ya dube ni daga wuya har ƙasa. Na sauke yatsana a hankali.