Idon Inna

Tun da aka kafa dokar cewa ma'ajiyar hotuna ta ƙasa ba ta karɓar hoton da ya lalace, sai dai na'ura ta cike shi ko a goge shi, shagon Ladidi mai gyaran hoto bai rabu da layi ba.

Malam Sha'aibu ya miƙa mata tsohuwar wayarsa. Hoto ɗaya tak ya rage masa na mahaifiyarsa, na ranar aurensa. Ga shi tsugune a gefenta, amma daga wuyanta zuwa sama duk ya koma toka-toka.

"Baba, ba ku ajiye kwafi a wani wurin ba?"

"Kullum cewa nake gobe."

Ladidi ta ɗora hoton a kwamfuta. Nan take tokar ta yaye. Ga Inna da mayafinta da tsagar kumatunta, tana kallon ɗanta tana murmushi.

"Kai, ya fito ras!" in ji Ladidi.

Dattijon ya girgiza kai. "Wannan ba Inna ba ce. Ni ne ɗan farinta. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta dube ni a gaban jama'a. Kai take kawarwa."

"Na'urar ba ta san kunya ba, Baba. To, in goge?"

Na bayansa suka fara tsaki. Ya matso da fuskarsa dab da gilashin, ya daɗe bai ƙifta ba.

"Bar shi, 'yata," ya ce a hankali. "Bari ta ɗan dube ni."